Makin jirgi ko kuɗi hannu? Gyaran da aka bari a wajen mai kaya

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a, Allah ya taimaka. Don Allah ka ɗan sammin fili a shafin wasiƙu in faɗi albarkacin bakina akan wata magana da wasu zasu ce ina ruwan ɗan ƙauye da ita, wato makin nan da kamfanonin jirgin sama suke tara wa mutum in yana yawan hawa jirginsu, wai daga baya ya yanki tikiti da shi ba sai ya biya kuɗi ba. Abin da yasa na ɗauko ta, ranar Alhamis ɗin da ta wuce bayan an tashi daga kasuwar Maigatari mun kusa awa biyu muna musu akai a rumfar wani abokina, wani yaro ɗan boko yana ta rantsuwa wai duk wanda ya biya kuɗi alhali yana da maki ya yi asara, wani kuma yana cewa a'a ka adana makinka sai ya taru da yawa tukunna. Ni da abin ya faru a kaina na ga duk su biyun akwai inda suka kauce.

Ni fataucin riɗi da zoɓo nake yi, a ƙauye nake zaune nan gefen Gumel. Daga an fara kaka har zuwa tsakiyar rani ina yawan zuwa Legas saboda can masu fitar da kayan suke, riɗin ya tafi Japan da Turkiyya da Sin, zoɓon kuma yawanci Meziko ake kai shi, (har yau mamaki nake wai zoɓon da matanmu suke dafawa a ƙulla a leda shi ake tsallaka teku da shi). Tirela ta tafi da kaya ta hanya ni kuma in bi jirgi daga Kano. To a haka ne wata rana wata ma'aikaciya a kanta tace min Alhaji baka da lambar tara maki? nace mene ne kuma haka, ta cike min fom a waya ta bani lamba tace duk sanda zan yanki tikiti in tabbatar an saka ta. Shekara da shekaru ina hawa ashe duk a banza, kuma ko bayan na samu lambar sau nawa ejan ɗina yana mantawa bai saka ba, tafiya ta wuce babu maki.

Abin ba sabo bane a duniya, tun 1981 kamfanin American Airlines na Amurka ya fito da nasa tsarin sauran suka bi. Mu kuma da muke kasuwa mun riga su sanin dabarar, sunanta gyara. Ka sayi gero tiya goma a ɗebo tafi ɗaya ko biyu a ƙara maka, ba don ana sonka ba sai don mako mai zuwa ƙafarka ta dawo da kai rumfar. Bambancin kawai shi ne mu gyaranmu a take muke zuba maka a buhu ka tafi da abinka. Su kuwa cewa suke ka bar shi a wajenmu muna rubutawa, ranar da kake so ka zo ka karɓa, amma fa mu zamu faɗi ranar da za'a iya karɓa, mu ke riƙe da tiyar da za'a auna, kuma in mun ga dama mu canza tiyar ba tare da mun yi shawara da kai ba. Wallahi da a kasuwarmu wani ya gwada wannan da tuni an kai shi gaban sarkin kasuwa.

Bari in baka labarin yadda na gane haka. Akwai 'yata da take aure a Mararaba, bakin Abuja, ta haihu kuma Hajiya bata samu ta je ta ga jikan ba tun bayan suna. Nace to bari in an sha ruwa mu je mu yi musu yawon Sallah mu huta kwana huɗu, ni ma jikina ya gaji, kuma ga maki ya taru har manhajar tana nuna min ya isa kujera biyu zuwa. Hajiya bata taɓa hawa jirgi ba in banda na aikin Hajji, ta yi ta murna tana gaya wa maƙota wai kyautar tikiti aka ba Alhaji. Saura kwana biyar Sallah na kira ɗan ƙanina da yake riƙe min harkar waya nace ya yankar mana na kashegarin Sallah. Ya danna ya danna yace Baffa babu kujera. Nace kamar ya babu kujera, jirgin ya cika ne? yace a'a Baffa, in kuɗi zaka biya akwai, ta maki ce babu. Ashe a kowane jirgi 'yan kujeru kaɗan ake ware wa masu maki, lokacin da kowa yake son tafiya kuwa ko an riga ka ko ma basu saki ko ɗaya ba, don me zasu baka da maki kujerar da wani yake tsaye da kuɗinsa yana roƙo.

Za'a ce ai laifinka ne, ba'a fafe gora ranar tafiya. Na yarda, amma a duba min wani abu, su waɗanda suka ƙirƙiro tsarin nan hutunsu a rubuce yake a kalanda, Kirsimeti 25 ga Disamba ce bana da baɗi da baɗin baɗaɗa, mutum zai iya kama kujerarsa wata shida kafin lokaci. Mu kuwa ƙaramar Sallah sai an ga wata, sai daren 29 ga azumi kowa ya kasa kunne a rediyo yana jiran sanarwar Sarkin Musulmi. Ko gwamnati ma tana tuntuɓe a nan, a 2024 an ba da hutun Talata da Laraba, da ba'a ga wata ba aka cika azumi 30 sai da aka ƙara Alhamis. To kai da ka kama kujerar maki tun da wuri a ranar da ka zata kashegarin Sallah ce, sai ta zama ranar Idi, ka tafi ka bar sallar Idi da gaisuwar dangi ko ka canza? In ka ce zaka canza sai an sake samun wata kujerar makin a ranar da kake so, ita kuma babu. Babbar Sallah ta fi sauƙi tunda ana ganin watan Zulhajji an san saura kwana goma, amma kwana goman ma a wajen kujerun maki kamar gobe ne.

Ƙarshe dai kuɗi na biya, kujera biyu zuwa, da tsadar Sallah a kai, don ba zan iya kallon idon Hajiya in ce an fasa ba bayan ta gama ɗaure daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da man shanu. Kayan nan ma sai da suka haura kilon da aka yarje aka caje mu a kanta, wannan kam kuɗi ne tsaba babu ruwansa da maki. A dawowa ne, ranar Laraba da hantsi bayan jama'a sun gama komawa aiki, yaron ya samo mana kujerun maki. Nan ma wani sabon karatu, yace Baffa sai ka tura kuɗi kaza. Nace na mene ne? yace haraji da caji. Hajiya tana gefe tace Alhaji wai kyautar ce kuma ake biya wa kuɗi? Eh haka ne, tikitin jirgi ba dunƙule ɗaya bane, akwai asalin kuɗin kujera, akwai abin da hukumar filayen jiragen sama take karɓa akan kowane fasinja wanda aka ɗaga daga naira 1,000 zuwa 2,000 a 2020, akwai kashi 5 cikin 100 na hukumar kula da sufurin jiragen sama, sannan ga abin da kamfani da kansa yake ɗorawa da sunan kuɗin mai da sauransu. Makin yawanci asalin kuɗin kujerar yake biya, ragowar daga aljihunka. Kuma gajeriyar tafiya ta fi shan wannan duka, saboda cajin da ake yi akan kowane kai bai san nisa ba, ko awa ɗaya za'a yi a sama ko biyu.

Daga nan na koyi yin lissafi, kuma shi ne abin da nake so masu karatu su ɗauka. Misali nake bayarwa ba farashin wani kamfani ba. A ce kujerar Kano zuwa Abuja ana neman maki 12,000 da cajin naira dubu 30. In ranar tikitin kuɗi yana dubu 120, to makinka ya tsaya maka a dubu 90 kenan, kowane maki ɗaya ya zama naira 7 da rabi. In rana ce ta rahusa da ake samun tikitin a dubu 85, makin dubu 55 kawai ya cece maka, bai kai naira 5 ba kowane ɗaya. In kuma Sallah ce tikiti ya tashi dubu 180, makin ya tsaya a dubu 150, ya haura naira 12. Kaga maki ɗaya farashi uku, kamar tumatir a kaka da tumatir a bazara. Ranar da ya fi daraja ita ce ranar da basa sakin kujera, ranar da suke saki hannu bibbiyu ita ce ranar da bashi da wata daraja. Dabarar ita ce ka samo ranar da ta faɗo tsakani, ka cire caji daga kuɗin tikiti ka raba da yawan makin kafin ka danna komai. Sannan a tuna tikitin da aka yanka da maki yawanci baya haifar da wani makin, na kuɗi shi ke haifarwa.

Kar a ce na tsani abin, akwai ranar da ya rufa min asiri. Babbar Sallah 'yan shekarun nan tana faɗowa ne a farkon damina, lokacin da duk wani kuɗin ɗan ƙauye ya tafi wajen taki da iri da 'yan ƙwadago, ga rago ga ɗinkin yara. A irin wannan lokacin sirikina ya kwanta rashin lafiya a Abuja dole in je dubiya, asusuna kuwa ƙaf, kuɗin suna gona. Makin nan ne ya kai ni ya dawo da ni, caji kawai na biya. In da lissafin ɗan boko za'a bi ranar ba ranar riba bace don tikitin bai yi tsada ba, amma dubu 60 a hannun manomi a watan Yuni ba ɗaya take da dubu 60 a watan Disamba ba, buhun taki ne da zai shiga ƙasa a kan lokaci. Wannan babu manhajar da zata lissafa maka shi. Akwai kuma wani alherin, a Fabrairun 2022 ne kamfanoni suka mayar da mafi ƙarancin tikiti naira dubu 50 aka yi ta ihu, bayan an cire tallafin mai a Mayun 2023 aka saki naira dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500, yanzu dubu 100 ma ba kullum take kai ka Abuja ba, tunda gyaran jirgi da kayansa duk da dala ake yi. Makin da na tara lokacin araha ya saya min kujera lokacin tsada, wanda kuɗin da na ajiye a banki basu iya ba.

Amma wannan alherin ne ya kusa ruɗa ni, na fara tunanin in ta tarawa kamar hatsi a rumbu. Sai wata rana yaron ya duba yace Baffa sun ƙara yawan makin da ake nema, kuma akwai wani kaso na naka da zai mutu ƙarshen wata in baka yi amfani da shi ba. Kamar dai bonas ɗin kati da data da suke ƙonewa kana ji kana gani. Duk wanda ya ga canjin kuɗi na farkon 2023 a ƙauye, yadda tsofaffi suka fito da kuɗin da suka shekara suna ɓoyo a tukunya da ƙarƙashin katifa suna neman inda zasu kai kafin wa'adi, mutane na sayar da akuya a wulaƙance don a samu sabon kuɗi, zai gane abin da nake nufi. Wancan ma kuɗin gwamnati ne har kotun ƙoli ta shiga tsakani aka ƙara wa'adi, wannan kuwa wa zaka kai ƙara? Yawancin kamfanonin a cikin dogon rubutun nan da muke danna na yarda ba mu karanta ba sun riga sun faɗa cewa makin ba dukiyarka bane, baka da ikon sayar da shi, kuma zasu iya canza sharuɗɗa. Can waje ma haka ne, kamfanin Delta na Amurka tun 2015 ya cire jadawalin da yake nuna maki nawa ke kai ka ina, sai abin da ka gani ranar. Sannan a ƙasar nan jirage nawa muka gani suka shuɗe? Nigeria Airways ta daina tashi a 2003, Air Nigeria a 2012, ina Okada ina Chanchangi ina Bellview. Rumbun da ba'a gidanka yake ba, mai gidan kuma yana iya tashi cikin dare, ni kam ba zan cika shi ba. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Wani abin da ba kowa ke faɗa ba shi ne yadda makin yake ɗaure mutum. Sau da yawa ina ganin tikitin wani kamfanin ya fi sauƙi da dubu 10 ko 15 ko lokacinsa ya fi min daidai, sai in ƙi don kar in rasa maki. Da na zauna na haɗa abin da na riƙa ƙarawa a shekara, wallahi ya kusa kuɗin kujerar da suka ce sun bani kyauta. Banza dai bata kai zomo kasuwa.

Sai maganar hazo. Duk mai tashi daga Kano a Disamba da Janairu ya san shi, ka bugo sammako daga ƙauye ka zauna tun safe har la'asar a ce jirgi bai iya sauka ba an soke. A dokar hukumar kula da sufurin jiragen sama, tafiyar cikin gida in an soke wanda ya biya tsabar kuɗi a mayar masa nan take, wanda ya biya ta taransifa ko kati cikin kwana 14, ko ana cikawa ko ba'a cikawa wannan wata maganar ce. Amma dai kuɗi in sun dawo kuɗi ne, ka shiga wani jirgin ko ka nufi tasha ko ka sayi buhun masara. Maki in ya dawo makin wannan kamfanin ne dai, a ranar kuma babu inda zai kai ka. Haka alhazanmu masu yawan zuwa Umra da 'yan kasuwar da suke bin Ethiopian ko EgyptAir, wani abokina ya zata makinsa na can zai yi masa Kano zuwa Abuja. Waɗancan suna cikin ƙawancen Star Alliance, makin ɗaya yana aiki a jirgin ɗaya, amma babu kamfanin Najeriya ko guda a cikin manyan ƙawancen nan, to ya bar shi don wata Umrar ko ya ƙara wa kansa matsayin kujera a doguwar tafiya inda ƙafa take kumbura, can ne ma ya fi amfani.

Kuma mu da muke karkara gajeriyar tafiyar jirgi ba gajeriya bace. Daga gidana zuwa Gumel, a bi ta Gujungu da Gezawa a shiga cunkoson Yankaba a kai filin jirgin Malam Aminu Kano, awa uku ta tafi. A zauna jira, a yi ƙasa da awa ɗaya a sama, a sauka Abuja kuma filin jirgin yana wancan gefen gari Mararaba tana wannan gefen, kuɗin tasi kaɗai ya isa kuka. Ga filin jirgi an gina mana a Dutse zamanin Sule Lamido amma harkarsa ta fi ƙarfi lokacin jigilar alhazai, daga wajenmu ma kusan tafiyar ɗaya ce da Kano. Ba don halin da hanyar Kaduna ta shiga a shekarun baya ba, ga aikin titi da ya ƙi ƙarewa ga fargabar masu garkuwa, har jirgin ƙasa ma aka tare a Maris ɗin 2022, da yawanmu mota zamu ci gaba da bi. Tsoro da gajiyar jiki ne suka hau da mu sama ba gayu ba, shi yasa nake jin zafi in naga ana wasa da hankalin mutum da sunan kyauta.

Matsayata dai yanzu, tafiyar Sallah da kuɗi nake shirya mata, ina sayar da kaya a kaka nake ware su gefe, kuma in duba duk kamfanin da ya fi sauƙi in hau ba ruwana da lamba. Maki kuwa da zarar ya isa kujera ɗaya nake neman tafiyar da zan kashe shi, tsakiyar mako, ziyarar da ba dole sai rana kaza ba, musamman da damina lokacin da aljihu yake kuka. In an yi sa'a an samu kujerar maki a ranar tsada to ba'a jira, a kama.

Roƙona gare ku Malam Edita, ku sa wakilinku ya zagaya kamfanonin nan ya tambaye su dalla dalla, maki nawa ne kujera, wata nawa yake yi kafin ya mutu, kujera nawa suke saki lokacin Sallah, nawa ne cajin da ake biya a kai, ku buga mana da Hausa. Yawancin masu cika jiragen Kano 'yan kasuwa ne irina da Turancin bai wuce na cinikayya ba, sharuɗɗan kuma duk da Turanci suke da ƙananan baƙaƙe. Hukumar ma ya kamata ta tilasta musu su riƙa turo saƙo a waya wata ɗaya ko biyu kafin maki ya ƙone, tunda saƙon talla basa gajiya da turowa. Ni yanzu haka akwai sauran da ya rage min, yaron yace zai kai kujera ɗaya zuwa Abuja amma banda dawowa, kuma Hajiya ta riga ta ce nata ne tunda jikan ya fara tafiya, na dawowar kuma in nemo kuɗinsa.

Naku mai karanta jaridarku kullum,
daga karkarar Gumel, jihar Jigawa.